Daga Ruwan Tiga zuwa Tafkin Chadi: Koyar da Hukumomin Yankinmu a Waya da a Fili

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu manoman Kura da Bunkure, da ku ɗalibai masu koyon aikin malanta a nan Kumbotso.

Yaro yakan haddace cewa an kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, ya rubuta a jarrabawa ya ci. Amma ka tambaye shi me ya haɗa ta da gonar mahaifinsa, sai ya yi shiru. Wannan shirun ne ya dame ni, kuma maganinsa na kusa da mu.

Ruwan da ke shayar da shinkafa da tumatir a Kadawa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Wanda ya wuce mu yakan gangara Haɗeja, ya bi kogin Yobe da ya raba Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya nufi Tafkin Chadi. Can kuma akwai Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964. Ashe ƙofar ruwan da aka buɗe a Kura ta shafi masunci a wata ƙasa.

To, yaya za mu koyar? Abin da ke nesa, waya ta kawo shi. Kafin ranar darasi, malami ya tura taswirar kogin da gajeren saƙon murya da Hausa ta WhatsApp, wanda za a sauke sau ɗaya, domin data tana da tsada, sabis kuma ba ya tsayawa. Ta intanet ɗalibi zai karanta hukuncin da Kotun ECOWAS ta yanke a 2008, inda ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare wata mata mai suna Hadizatu Mani daga bauta.

Abin da ke kusa kuwa, a taka a je, gani ya kori ji. A kai ɗalibai bakin kwalbati da rani, su ga yadda manomin da ke ƙarshen layi ke jiran ruwa har dare. A kai su kasuwar Dawanau, su ji daga bakin 'yan kasuwa yadda ciniki ya kasance da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sannan a koma aji, a raba su ƙasa-ƙasa, su yi muhawara: da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Malamai, roƙona gare ku shi ne ku gwada wannan a zangon karatu mai zuwa, ko da aji ɗaya ne. Iyayenmu manoma, ku buɗe mana gonakinku, domin rabin darasin nan a bakinku yake.

Allah ya yi mana jagora.