Kayan Saƙar Leshi da Hannu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara



Kwamitin da ke kula da gudunmawar da muka tara domin ɗakin koyon sana'ar hannu na makarantarmu ya nemi in yi bayani a kan kayan da ake bukata wajen saƙar leshi da hannu, tun da an san na ɗan koyi wannan aiki lokacin da na yi zaman karatu a Ingila. Na san wasunku na dariya a zuci, domin sun tuna yadda malamar ɗinki takan warware aikina a gaban aji saboda gaggawa. To, ga ni yau a gabanku, Malama kuma tana zaune tana ji.

Da farko ya kamata mu bambanta abubuwa biyu. Leshin da muke ɗinkawa na biki da suna, inji ne ke yi masa ado a kan yadi. Tun cikin shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya suka shahara da yi wa kasuwar Nijeriya irinsa. Leshin hannu kuwa babu yadi a ƙarƙashinsa, zare ne zalla ake sarƙawa har ya zama ado. Ya bunƙasa a Turai a ƙarni na 16, musamman a Venice ta Italiya da yankin Flanders, wanda yawancinsa ke cikin Beljiyam a yau. Iri biyu ne manya: na allura, da na kwarkwaro wanda ake yi a kan matashi. A kan na biyun zan tsaya, don shi na iya, kuma shi ya fi sauƙin koya wa aji guda.

Abu na farko shi ne matashi. Ba irin na kwanciya ba. Dole ya zama da tauri ƙwarai, yadda idan aka soka fil zai tsaya cak ko da an ja zare. Mutanen da can da busasshen karan alkama ko garin katako suke cusa shi, su daddanna har ya yi kamar dutse. Yanzu akan yi shi da wani irin soso mai tauri. Mai koyo ya fi jin daɗin mai faɗi da ɗan tudu a tsaka kamar faifan da aka kifa, faɗinsa wajen inci 18. Ina gargaɗi, kada a yi shi da audugar rimi, laushinta ya yi yawa. Akan lulluɓe shi da ƙyalle mai duhu marar zane, shuɗi ko kore, don farin zare ya fito sosai ido ya huta. Sannan a tanadi wani ƙyallen na rufe aiki idan an tashi, wanda ba sai na faɗa wa mai zama cikin ƙurar hunturu amfaninsa ba.

Na biyu, kwarkwaro. Na ara sunan ne daga masaƙanmu. 'Yan sanduna ne sirara, tsawonsu kamar inci 4, da ɗan wuya inda ake naɗa zare. Aikinsu uku ne: su riƙe zare, su ba shi nauyi ya miƙe, su kuma hana hannu taɓa shi ya yi dauɗa. Bibbiyu ake amfani da su, kuma guda 24 sun ishi mai koyo, ko da yake babban aiki kan ci ɗaruruwa. A da har da ƙashi ake sassaƙa su. A tsakiyar Ingila sukan ɗaura musu 'yan duwatsun ado a gindi don su ƙara nauyi, su daina mirginawa. Duk masassaƙin da ya iya ƙotar ludayi zai iya yin su, muddin ya goge su sumul, domin ɗan kaushi kaɗan kan tsinka zare.

Na uku, fil. A nan ne na taɓa yin asara. Bayan na dawo gida nawa suka ƙare, na sayi na kasuwa masu araha, na bar aikin mako uku a kan matashi cikin damina. Da na buɗe sai na tarar kowane fil ya bar jan tabon tsatsa a farin zare, wanki kuma bai fid da shi ba. Saboda haka a sayi na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, sirara, kuma da yawa, don ɗan ƙaramin aiki ma kan cinye fiye da ɗari.

Na huɗu, zare. Akwai na lilin, na auduga da na siliki. Na auduga ya fi dacewa da yara. A tuna, a zaren auduga, gwargwadon girman lamba gwargwadon sirantakarsa. A fara da mai ɗan kauri don yarinya ta ga inda kowane zare ya bi, ta gane kuskurenta da kanta. Zaren roba yana da santsi, ba ya zama inda aka ajiye shi, a bar shi tukuna.

Na biyar, zanen aiki. Kwali ne mai ƙwari da aka ɗiga wa alamun inda kowane fil zai shiga. Akan huda ramukan tun kafin a fara, da allurar da aka kafa a ɗan ice kamar basillar dukawa. Sauran tarkacen su ne ƙaramin almakashi mai kaifi, da siririn kwarashi na haɗa gefe da gefe, da kuma wuri mai haske.

Shi ke nan kayan. Aikin kansa kuwa motsi biyu ne kacal: gicciyawa da murɗawa. Duk adon da kuka gani, daga waɗannan biyun ya fito, har da leshin garin Honiton da Sarauniya Victoria ta sa a rigar aurenta a 1840.

Yanzu bari in faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Kada mu yi wa yaran nan alkawarin arziki. Tun da John Heathcoat ya ƙera injin saƙar raga a 1809, John Levers kuma ya inganta shi a Nottingham a 1813, hannu ya kasa yin tsere da inji wajen araha, dubban mata a Turai suka rasa abin yi. Leshin allura na garin Alençon a Faransa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2010, akan shafe kusan sa'a 7 a kan wurin da bai wuce girman farce ba. Amma duk da haka ba a bar shi ya mutu ba. A garin Idrija na Slobeniya akwai makarantar leshi tun 1876, kuma yara na koyo a cikinta.

Me ya sa? Domin abin da yake koyarwa. Yarinyar da ta iya zama sa'a guda tana lissafin zare 24 ba tare da ta rikice ba, ta kuma yarda ta warware aikin jiya don ta gyara kuskure ɗaya, ta sami abin da zai yi mata amfani a ɗakin jarrabawa, a asibiti, a ofis, da cikin gidanta. Ni da aka sani da gaggawa, a kan matashin nan na koyi nutsuwa, ina uwar 'ya'ya. Da ma tun ina aji biyu na koya, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarata ga kwamiti ita ce, kada a kashe kuɗinmu wajen odar kaya daga waje. Matashi, kwarkwaro da kwali duk a yi su nan gida. Fil da zare kawai za a saya masu kyau, kada a yi musu rowa. A fara da yara goma, kowace da matashinta, domin ba a cire aiki daga matashi sai an gama shi. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa kowace Asabar har tsawon zango ɗaya in koyar kyauta, tare da malamar da makaranta za ta zaɓa, don aikin ya ɗore bayana. Ina roƙon biyu daga cikinku da suka iya saƙar kwarashi su ba sakatariya sunayensu kafin mu watse.

Malama, ga ɗan gefen hankici da na saƙa miki. Ki duba shi da kyau, in kin ga kuskure, na yarda ki warware.