Bayan Kunkuru Ƙashi Ne, Yana Jin Zafi

Wani ya tambaye ni, wai ƙasan cikin kunkurunsa ya lotsa, ko ciwo ne? Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, namiji ne, haka halittarsa take. Fararen layukan da ke fitowa a bayansa kuma, girma yake yi.

Abin tsoro shi ne ka danna bayan babban kunkuru ka ji laushi. Yawanci ƙarancin sinadarin kalsiyam ne da rashin hasken rana. In ka ji haka, ko ka ji yana wari, garzaya wurin likitan dabbobi.

Kuma don Allah a daina huda bayansa ana ɗaura igiya. Ƙashi ne haɗe da haƙarƙarinsa, yana jin zafi. Sai mako mai zuwa.