Jawabi ga masu shanu: a auna zafin saniya kafin a ɗauko wuƙa

 Allah ya ƙara mana haƙuri.

Tun da muka baro Madani da ƙauyukan Jazira a watan Disamba 2023, da yawanmu ba mu tsira da komai ba sai saniya ɗaya ko biyu. Ita ce madarar yara, ita ce jarin gida. Shi ya sa in ta kwanta, hankali kan tashi, a ce a yanka kafin ta zama mushe. Mu da muke fassara a ofishi, an sha kawo mana wannan kuka, shi ya sa muka tara ku yau.

Taɓa kunne ko ƙaho ba ya nuna zafin cikin jiki, domin dabbar da ta wuni a rana dole fatarta ta yi zafi. Ma'aunin zafi, irin wanda ake sayarwa a kantin magani, shi ke faɗin gaskiya. Gida biyar na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Amma ya zama na dabbobi kaɗai, kada a sa shi a bakin yaro.

A auna da sassafe, kafin a fita kiwo. A ɗaure saniyar a turke, mutum ɗaya ya riƙe ta. A shafa wa bakin ma'aunin ɗan mai, a ɗaga wutsiya, a sa shi a dubura a hankali, a ɗan karkata shi ya taɓa nama, kada ya tsaya cikin kashi. Na gilashi a girgiza shi tukuna, a riƙe minti biyu. Mai batir kuwa sai ya yi ƙara. Bayan nan a wanke shi, a wanke hannu da sabulu.

Saniya mai lafiya tana tsakanin 38 da 39. Maraƙi kan kai 39.5. In babbar saniya ta wuce 39.5 da safe, zazzaɓi ne. In ta kai 40 ko 41, ko ta daina tuƙa, kada a jira gobe. A ware ta, a ba ta inuwa da ruwa, a duba ko akwai kaska, a riƙe lambar a faɗa wa likitan dabbobi.

Manyanmu sun tuna 2007, lokacin da zazzaɓin da ake kira hummal wadi al-mutasaddi'i ya shiga Jazira da Sinnar da Farin Nilu, mutane fiye da 200 suka rasu. Sauro ke yaɗa shi a tsakanin dabbobi bayan ruwan damina, mutum kuma kan ɗauka ta jini wajen yanka da fiɗa, ko ta taɓa ɗan da aka yi ɓarinsa.

Don haka saniya mai zazzaɓi ba a yanka ta a raba nama. In ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa leda, a binne da zurfi. Madara kuma a tafasa kullum.

Mun san hana yanka abu ne mai nauyi a halin da muke ciki, amma ran yaranmu ya fi nama. Wanda Larabci ke ba shi wuya ya zo ofishi, mu raka shi wurin likita mu fassara masa.

Allah ya tsare mu da dabbobinmu, ya mai da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.