Ɗigo Ɗaya, Ma'ana Uku: Karanta Manyan Lambobi Tsakanin Sabha da Agadas

Gaisuwa ga 'yan uwanmu mazauna unguwar Sukra da Gurda da Mahadiyya a birnin Sabha, da direbobi da fatake masu bin hanyar Gatrun, Tumo, Madama da Dirku har zuwa Agadas, da makiyayan da ke kora raƙuma da tumaki zuwa arewa. Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da aka gabatar a filinmu na kasuwa da kiwo, mun buga shi don wanda bai samu saurare ba, ko kuma wanda yake son ya ajiye ya riƙa dubawa.

Maganarmu ta yau a kan lamba ce, babbar lamba, irin wadda ake rubuta maka a rasit ko a turo maka a waya bayan ka sayar da dabba. Na san ba lissafi ne ya gagare ka ba. Mutumin da zai dubi garke ya ce an rasa akuya biyu, ko ya haɗa kuɗin buhu arba'in a ka tun kafin yaro ya gama latsa kwakuleta, ba za a ce masa bai iya lissafi ba. Inda ake samun asara shi ne wajen sauke abin da ke ka zuwa takarda, da kuma ɗauko abin da ke takarda zuwa baki. A wannan hanya tamu kuwa, kuɗi uku ake juyawa, dinari da sefa da naira, kuma kowannensu da irin rubutunsa.

Mu fara da tushe. Alamomin lamba goma ne kacal, daga 0 zuwa 9. Abin da ke ba kowace alama daraja shi ne wurin da ta zauna. Ka ɗauka lamba unguwa ce mai gidaje a jere, kowane gida da ɗaki uku. In ka faro daga hannun dama, gidan farko gidan guda-guda ne, na biyu gidan dubu, na uku gidan miliyan, na huɗu gidan biliyan. A cikin kowane gida, ɗakin dama na ɗaya-ɗaya ne, na tsakiya na goma-goma, na hagu na ɗari-ɗari. Duk alamar da ta matsa ɗaki ɗaya zuwa hagu, darajarta ta ninka sau goma. Shi ya sa 7 a cikin 70 da 7 a cikin 7,000 kamarsu ɗaya amma ba nauyinsu ɗaya ba. Hausa ma ta san wannan tun da can: har yau a Nijar ana cewa gomiya tara, wato goma sau tara, inda mutumin Kano zai ce casa'in.

To yaya za ka karanta? In an ba ka doguwar lamba kamar 4900000, kada ka faro karatu tukuna. Koma dama, ka ƙirga uku-uku kana rabawa: 4,900,000. Yanzu faro daga hagu, ka karanta abin da ke cikin gida, sannan ka kira sunan gidan: miliyan huɗu, da dubu ɗari tara. Gidan da ka tarar duk sifiri ne, sai ka wuce shi ba ka ce komai.

Amma kada ka raina sifiri don ba a kiransa. Shi ne mai gadin ɗakin da ba kowa, yana riƙe wurin don kada maƙwabci ya matso. A ce ka sayar da raƙuma 14, kowanne a kan sefa 350,000. Kuɗinka 4,900,000 ke nan. In mai rubutu ya sa 4,090,000, alamomin duk suna nan, sifiri biyar da 4 da 9, amma tara ta koma ɗakin goma. An rage maka 810,000, fiye da kuɗin raƙumi biyu. In kuma sifiri ɗaya ya faɗi gaba ɗaya aka rubuta 490,000, to kashi ɗaya cikin goma kaɗai ya rage maka.

Ga dabara mai sauƙi ko ga wanda bai yi boko ba: ƙirga alamomin da yatsa. Dubu alama huɗu ce. Dubu goma biyar. Dubu ɗari shida. Miliyan bakwai. Miliyan goma takwas, miliyan ɗari tara, biliyan goma. In an ce maka kuɗinka miliyan kaza ne, ka ƙirga ka ga shida, to tsaya, kada ka sa hannu.

Wannan tsari ba na Turawa ba ne tun asali. Daga Indiya ya fito, malamin Bagadaza Alkawarizmi ya yi littafi a kansa wajen shekara ta 825, kalmar sifiri ma daga Larabci muka aro ta. Wani ɗan Italiya mai suna Fibonacci ya koye shi a garin Bijaya da ke Aljeriya ta yanzu, ya yaɗa shi a Turai da littafinsa na shekarar 1202. Ka ga ashe ta arewacin Afirka ya tsallaka zuwa can.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato ɗigo da waƙafi. Ƙasashenmu ba su yi ittifaƙi a kansu ba.

A Najeriya, waƙafi ne ke raba gidaje, ɗigo kuma yana raba naira da kwabo. In ka ga 25,000.00 a saƙon banki, naira dubu ashirin da biyar ne cif. Sifiri biyun da ke bayan ɗigo kwabo ne, kada ka haɗa da su wajen ƙirga alamomi.

A Nijar da Cadi, inda aka bi rubutun Faransanci, abin juye yake. Ana raba gidaje da ɗan fili ko da ɗigo, waƙafi kuma shi ke nuna ɓangaren da bai cika ɗaya ba. Misali: tun 1999 yuro ɗaya yake daidai da sefa 655,957 a rubutun bankunan Yamai. Bakano zai karanta wannan dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya, alhali abin da ake nufi sefa ɗari shida da hamsin da shida ne ba kaɗan.

A Libiya kuwa, dinari ɗaya dirhami 1,000 ne, ba ɗari ba. Saboda haka alama uku ake sa wa bayan ɗigo. Farashin gwamnati na litar man fetur ya daɗe a kan 0.150, wato dirhami ɗari da hamsin, ko da yake mutanen Sabha sun san ba kullum ake samunsa a haka ba. To duba wannan: 5.250. A rasit na Sabha dinari biyar ne da kwata. A takardar wani ɗan kasuwa na Agadas sefa dubu biyar da ɗari biyu da hamsin ne. In ɗan hawala ya rubuta maka 12.000, dinari goma sha biyu yake nufi ko dubu goma sha biyu? Sai ka tambaya, ya faɗa da baki, ya kuma rubuta da kalmomi. Dubu goma sha biyu a cikakken rubutun banki 12,000.000 ne.

Ma'ana ta uku ta ɗigo tana cikin lambobin gabas, irin waɗanda ka saba gani a ƙarshen ayoyi cikin Alƙur'ani bugun Madina ko Masar. Mutanen Libiya galibi da irin namu na 1, 2, 3 suke rubutu, amma 'yan Masar da 'yan Sudan da ke aiki da kasuwanci a Fezzan da yawansu da na gabas suka saba. A wannan rubutu ɗigo shi ne sifiri, ٠. Biyar kuma zagaye ce, ٥, kamar sifirinmu. Shida, ٦, tana kama da bakwai ɗinmu. Don haka ١٥٠ ɗari da hamsin ne, ba goma da ɗigo ba, ٥٠٠ kuma ɗari biyar. Abu ɗaya ne bai canza ba: ko da yake Larabci daga dama ake karanta shi, lamba babban gidanta yana hagu, daidai da namu. Sai dai ka lura da baki. Balarabe yana kiran ƙaramar kafin babbar, ya ce hamsa wa ishirin, biyar da ashirin. In ka rubuta yadda ka ji, 52 za ka sa maimakon 25. Haka nan ɗaya ta rubutun hannun 'yan lakwal tana da dogon baki, tana kama da bakwai. Shi ya sa suke gicciye bakwai da ɗan layi, kai ma ka riƙa yin haka.

Mu dawo gida, domin Hausarmu ma tana da nata tarko. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki. Bature Heinrich Barth, wanda ya bi ta Murzuk a nan Fezzan a 1850 ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne canjin dalar azurfa ɗaya. Mutanen da ke ƙirga irin wannan dole su nemi dunƙulallun suna, sai aka samu keso, wato wuri 20,000, da zambar wajen kiran dubbai. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. A Nijar dala sefa biyar ce. In mai sayar da cuku ta ce maka ashirin, sefa 100 take nufi. In an ce ɗari, 500 ke nan. Jikka kuwa dala metan ce, sefa 1,000. Amma a Najeriya jaka naira 200 ce, domin a da fam ɗari ake kira jaka, kuma da aka shigo da naira a ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. A Libiya ma dinari ya maye gurbin fam tun 1971, amma har yau za ka ji ana ce masa jine a kasuwa.

Waya da banki ba su san dala ko jikka ba. In ka yi ciniki da dala, ninka sau biyar kafin ka rubuta. In da jikka ne, ƙara sifiri uku: jikka 350 sefa 350,000 ce, jikka dubu kuma miliyan ɗaya. Raƙuman nan namu 14, jikka 4,900 ke nan. Kuma ka tuna sefar Nijar da ta Cadi darajarsu ɗaya a hukumance, amma takardunsu daban, bankunan da ke buga su ma daban, saboda haka a rubuta wacce ake nufi.

Sai kalmar "da". In mutum ya ce dubu ɗari da hamsin, me yake nufi, 150,000 ko 100,050? A kasuwa yawanci na farko ake nufi, amma ranar rigima kowa zai ja wanda ya fi masa. Gyara bakinka: ka ce dubu ɗari da dubu hamsin, ko kuma dubu ɗari cif da sefa hamsin a kai. In ka ji a rediyo an ce miliyan biyu da ɗigo biyar, miliyan biyu da rabi ne, 2,500,000. Abin da Najeriya ke kira biliyan shi ne miliyar a Nijar da Libiya, wato miliyan dubu.

Wajen karɓar tsabar kuɗi ma gidajen nan suna aiki. Ɗauri mai takarda ɗari na 'yan jikka goma miliyan ɗaya ne na sefa. Ɗauri mai takarda ɗari na 'yan naira dubu kuwa 100,000 ne, sai ka tara goma kafin ka kai miliyan.

To ɗan uwa, kafin ka saki igiyar raƙumi ko ka bar mota ta tashi da kayanka, ka tabbatar da abu biyar. A rubuta kuɗin da lamba, a kuma rubuta shi da kalmomi, da boko ko da ajami, domin sifiri ana iya ƙara shi ko a goge, kalma kuwa da wuya. A rubuta sunan kuɗin a gefe, dinari ko sefa ko naira. A ja layi gaba da bayan lambar don kada a cusa wani abu. Ka ƙirga alamomin da kanka. Sannan mai karɓa ya maimaita da baki a gaban shaidu, in ta waya ne ya turo hoton takardar. Kada kunya ta hana ka. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman rubutu ba zargi ba ne. Kuma in kana da yaro ko yarinya a makaranta, zaunar da su kusa da kai ranar ciniki, su karanta kai kana bi da lissafin ka.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Na ɗaya, raba wannan ka karanta: 30705000. Na biyu, rubuta jikka dubu biyu da jikka saba'in da lambar sefa. Na uku, rasit na Sabha ya nuna 1,400.750, dinari nawa ke nan? Ku aiko da amsa ta hanyar da kuka saba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare matafiya a cikin Sahara, ya ƙara yawan garke. A huta lafiya.