Matsi, Wuri Da Zafi: Abin Da Ya Haɗa Tayar Mota Da Tukunyar Gas

(Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiya ya gabatar a taron wata)

 

An ce mu yi magana a kan wani darasi na kimiyyar sinadarai da yaranmu ke yi a sakandare, wato yadda iska ke aikatawa idan aka rufe ta a cikin mazubi. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. Mu nan Sabo ta Ibadan ɗakunanmu a manne suke da juna, ga gas ya shiga gidaje, ga 'yan'uwanmu kullum a kan hanyar Ilorin da Jebba da manyan motoci. Darasin nan ya shafi wuyan kowa.

Iska dai ba fanko ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum cikin gudu suke suna dukan bangon abin da aka zuba su. Wannan dukan shi ake kira matsi. Abu uku ne ke tafiya tare: matsin iskar, girman wurin da take ciki, da zafinta. In ka taɓa ɗaya, dole ɗaya daga cikin sauran ya motsa.

Ƙa'ida ta farko, Robert Boyle ne ya bayyana ta a Ingila a 1662. In zafi bai canza ba, ka rage wurin iska da rabi, matsinta zai ninka biyu. Ku toshe bakin famfon keke da yatsa ku danna, za ku ji yana tura hannu baya. Haka kuma wanda ya rufe gorar roba ba ruwa a ciki a Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, in ya sauko Legas zai tarar ta ɗan lotse, don iskar bakin teku ta fi danna ta.

Ta biyu ana danganta ta da Jacques Charles, mutumin Faransa, wajen 1787, sannan Gay-Lussac ya wallafa ta a 1802. In matsi bai canza ba, iska na buɗewa da zafi, tana tsukewa da sanyi. Shi ya sa balan-balan ɗin yara ke ƙara kumbura in an bar shi a rana.

Ta uku ita ce mai haɗarin. In mazubin ba ya iya buɗewa, aka ƙara zafi, to matsi ne zai hau. Amma a lissafin nan ba a fara ƙirga zafi daga sifirin ƙanƙara, sai an ƙara 273 a kan digirin da muka saba. Misali, taya da safe tana digiri 30, wato 303. Bayan doguwar tafiya a kan kwalta ta kai 60, wato 333. Matsin cikinta ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin ɗari. Tayar ƙaramar mota da mai faci ya auna 32 da safe sai ta nuna wajen 36 ko 37.

To, a nan ne wasu direbobinmu ke kuskure. Su ga taya ta yi zafi, sai su sassauta mata iska. Da ta huce, iskar ta gaza, sai ta riƙa lanƙwasa a ƙarƙashin kaya, lanƙwasar kuwa ita ke ƙara haifar da zafi har ta fashe. A auna taya tana sanyi, kafin a kama hanya. In ta yi zafi a tsaya ta huce, kada a taɓa iskar.

Sai iyayenmu mata. Abin da ke cikin tukunyar gas mai kilo 12.5 ruwa ne da matsi ya tara, tururinsa na sama. Wannan kuwa matsinsa ya fi na taya saurin hawa da zafi, kuma ruwan kansa yana kumbura. Shi ya sa ba a cika ta fal, ana barin mata fili. Duk mai sayar da gas da ya ce zai danna maki ƙari don alheri, ki ce ya riƙe alherinsa. Kada a ajiye ta a rana, ko kusa da murhu ko risho, kuma kada a kwantar da ita. Ku tuna lita ɗaya ta ruwan nan in ta fita takan zama iska wajen lita 250, kuma ta fi iskar ɗaki nauyi, ƙasa take kwanciya inda yara ke barci. In an ji warinta, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.

Haka gwangwanin maganin sauro. Ko ya ƙare akwai saura a ciki, kuma yawanci an rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50. Yara na jefa shi a wutar shara don su ji ƙara, alhali ɓallin ƙarfen na iya cire ido. Mu tsawata masu, ko ba 'ya'yanmu ba ne.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗalibai, ku da kuka san lissafin, ku zauna da iyayenku yau ku duba inda tukunyar gidanku take. Gobara a ɗaki ɗaya a unguwa irin tamu ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya.