Ranarmu ta Ƙarshe a Jidda

 Shugaba ya ce mu ba da labarin Umra, to na ranar ƙarshe za mu bayar.

Da muka gama ɗaure kaya sai muka shiga Balad, tsohon garin Jidda, ta Bab Makka. Ga gidajen dutsen teku masu tagogin katako, ga ƙamshin turare da gahawa. Muna cinikin darduma sai mai kantin ya ce, "Sannunku, 'yan'uwa." Ashe kakansa daga Kano ya tako da ƙafa. Ya kira ɗansa ya gaishe mu, yaron nan ko "sannu" bai iya ba.

Wallahi jikinmu ya yi sanyi, don mun tuna namu na Wuse da Garki, kullum Turanci. Shi ya sa muke roƙon ƙungiya ta sa darasin Hausa ran Asabar, bayan an tashi Islamiyya.