Ciwon Ciki a Hawainiyar Keji: Daga Ina Yake Farowa?



Na san wasu za su yi mamakin a ce mutum ya fid da kuɗinsa ya sayi hawainiya ya ajiye a ɗaki. A wajenmu dabbar bakin shinge ce, yara su jefe ta, manya su kauce mata, alhali ko dafi ba ta da shi. A Turai da Amurka kuwa kiwonta kasuwa ce mai zaman kanta, kuma Afirka ta Yamma na da hannu a ciki, domin an daɗe ana fitar da hawainiyar Senegal daga Togo da Benin da Gana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji da tsirrai ta 1973. Iri uku suka fi yawa a hannun masu kiwo: mai hula ta Yaman da kudancin Saudiyya, wato Chamaeleo calyptratus, da Furcifer pardalis ta Madagaska, sai mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya, Trioceros jacksonii.

Da'awar wannan takarda ita ce, galibin abin da ake kawowa asibiti da sunan ciwon ciki ba a cikin ya faro ba. Daga keji yake tasowa: ɗumi, da ruwa, da haske, da abin da ƙwaron da aka ba ta ya ci.

Hawainiya ba ta haɗa ɗumin jikinta da kanta, daga waje take samu. Mai hula na bukatar reshen shan ɗumi mai zafin digiri 29 zuwa 32, mai ƙaho uku kuma ƙasa da haka, tunda 'yar tsauni ce. In keji ya yi sanyi sai tumbi ya yi nawa, abinci ya kwana bai narke ba, a wayi gari ta amayar, ko a ga ƙwaro ya fito a kashi kusan yadda ya shiga. Shi ya sa da safe ake ciyar da ita, ba dab da kashe fitila ba.

Toshewar hanji ma laifin keji ne sau da yawa. Harshenta na iya kai ninki biyu na tsawon jikinta, kuma bakinsa na da danƙo; in ta harbo gyare a ƙasa, har da yashi da tsakuwa take haɗowa. Ƙwaron da ya fi faɗin kanta girma, ko tsutsa mai taurin ɓawo da aka maishe ta abincin kullum, su ma suna tsayawa. Sai dai a yi hattara, babbar hawainiya kan yi kwanaki ba ta yi kashi ba kuma lafiyarta ƙalau. Abin tashin hankali shi ne ciki ya kumbura, ta daina ci, tana ta yunƙuri har bayanta ya zazzago. Wannan ba ya jiran gobe.

Sai ruwa, inda sababbin masu kiwo suka fi yin asara. Hawainiya ba ta cika kula ruwan kwano ba, raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye take lasa. Mutum zai cika mata kwano ya tafi da zuciya ɗaya, ita kuwa ƙishirwa na cin ta. Shaidar tana cikin kashinta. Kashi mai lafiya dunƙule ne mai duhu, a gefensa da wani fari, wanda shi ne fitsarinta. In farin nan ya rine gaba ɗaya ya koma ruwan goro, ya yi tauri, idanu kuma suka faɗa, to ruwa ya yi ƙaranci. In aka daɗe a haka ƙoda ke taɓuwa, gaɓoɓi su kumbura. Maganin shi ne fesa ganye safe da yamma da rataya abin ɗigo. Wanda zai yi kiwon a nan ya ninka kula lokacin hunturu.

Yanzu ga babbar matsalar. Jikin hawainiya na son kalsiyam ya ninka fosfaras, kamar 2 bisa 1. Gyare da tsutsar dusa, waɗanda su aka fi sayarwa, akasin haka suke, fosfaras ya yi wa kalsiyam nisa. Gyare kamar buhu yake, abin da aka zuba masa shi hawainiya za ta ci. Don haka ake ƙosar da shi awa 24 zuwa 48 kafin a miƙa shi, da ganye mai kalsiyam irin zogale, da karas da kabewa, sannan a barbaɗa masa garin kalsiyam. Duk da haka hanji ba zai tsotsi kalsiyam ɗin ba sai da bitamin D3, shi kuwa fata ke haɗa shi idan hasken UVB ya taɓa ta. Gilashin taga na tare wannan haske. Ƙwan fitilar UVB kuma kan ci gaba da haskawa bayan ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa ake canza shi cikin wata 6 zuwa 12.

Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, jiki sai ya koma yana ɗiba daga ƙashi. Ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, ta riƙa kama ƙafarta a madadin reshe tana faɗowa. Harshe ya daina kai wa ƙwaro, hanji ma ya rage motsi, domin tsoka ba ta aiki sai da kalsiyam. Mai ita zai ce ba ta ci, ba ta kashi. Likitan da ya tsaya a nan ya ba da maganin tsutsa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Bitamin A takobi ne mai kaifi biyu. Ƙarancinsa na kumbura ido, kuma hawainiyar da ba ta gani ba ta farauta. Yawan garin bitamin kuma ana danganta shi da kumburin maƙogwaro, musamman a irin na tsauni. A ganina sau biyu a wata ya isa ga yawancinsu.

Cika ciyarwa ma cuta ce. Ƙarama kullum take ci, babba kuwa ranar ci ranar hutu. Macen mai hula na yin ƙwai ko babu namiji, kuma in ta ƙoshi fiye da kima sai ƙwan ya yi yawa, ya tsotse mata kalsiyam, wani lokaci ya maƙale.

Ban ce babu ciwon da ke farowa a hanji ba. Wadda aka kamo a daji, irin ta Senegal ɗin nan, kan zo da tsutsar ciki da ƙwayoyin koksidiya, kuma wahalar tafiya na ba su damar yawaita. Alamarsu zawo mai wari da rama duk da ci. Gwajin sabon kashi a ƙarƙashin madubin likita ke tabbatarwa, ba hasashe ba. A kuma kula da ƙwaron da aka kamo a waje: farar gona abinci ce mai kyau, amma ba wadda aka yi wa feshi ba. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa an san ya kashe ƙadangarun keji, kada a kusa shi.

Roƙona ga 'yan'uwa likitoci shi ne, duk wanda ya kawo muku hawainiya, kafin ku ɗauki biro ku nemi hoton kejinta, ku tambayi ranar da aka sa fitila da abin da ake bai wa gyaren, ku kuma sa ya kawo kashinta na ranar.